Ruwa ne yake cin boris ɗin tirela

Ƙannena masu jan jirgin ruwa da mota, na lura da yawanku kuna lallaɓa injin jirgi kamar jariri, kuna wanke shi, kuna canja masa mai a kan kari, amma tirelar da take ɗauke da jirgin ko kallo ba ta ishe ku ba. Ni ma haka na yi shekaru. Ina zaune a Kontagora, ina da ƙaramin jirgin faiba mai injin Yamaha, kuma duk sanda aiki ya samu sai in ɗaura tirela a bayan mota in nufi Yauri, in sauke shi a kogin Kwara.

Wata rana bayan la'asar, ina kan hanyar komawa gida, sai na fara jin wani gurnani daga baya. Na ce ai hanya ce, na ci gaba. Ban yi nisa ba warin ƙuna ya cika motar. Da na tsaya, tayar dama tana hayaƙi, ta karkace. Na zuba wa hob ɗin ruwa, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa, sai ya yi ƙara kamar an zuba ruwa a kaskon suya. Allah ne ya tsare tayar ba ta fice ta bi ta kan wani mai babur ba.

Wani dattijon bakanike da aka kira mini daga ƙauyen da ke kusa ya buɗe murfin ɗayar tayar, wadda ba ta ƙone ba, ya lakato giris da yatsa ya nuna mini. Ya yi ruwa-ruwa, ya yi fari-fari kamar kunun gyaɗa, ga jan tsatsa a ciki.

Ya ce, "Ɗana, in ka isa bakin ruwa, nan take kake tsoma tirelar?"

Na ce, "E, Baba, don kada fasinja su jira."

Ya ce, "To ai ita ce ta ci ka."

Ga yadda abin yake. Bayan doguwar tafiya hob yana da ɗumi, iskar da ke cikinsa ta kumbura. Da ka tura tirela cikin ruwa mai sanyi, iskar sai ta tsuke, hob ɗin ya zuƙo ruwa ta gefen robar da take tare giris a baya, wadda ake kira oyil sil. Ruwan ba ya fita. Yana nan kwance tare da yashin kogi, ka kai tirela gida ka ajiye mako biyu, tsatsa tana ta cin boris, wato ƙwayoyin ƙarfen da suke cikin hob waɗanda taya take juyawa a kansu, kana barci. Tayar mota ba ta shiga wannan halin, shi ya sa wanda ya saba da mota kawai yake raina abin. Tun daga ranar, in na isa Yauri sai na kwance igiyoyi, na duba inji, na sha ruwa, na taɓa hob na ji ya huce, sannan in ja da baya zuwa cikin kogi.

Daga nan na ƙudurta ni zan riƙa canja boris da hannuna a gida. Aikin ba shi da wuya, amma a karon farko na yi kurakurai da nake so ku kauce musu.

Na je kasuwa ba tare da tsohon boris ba, na kwatanta girmansa da yatsu, aka ba ni. Ashe kowane boris da lambarsa a jiki. A ƙananan tireloli akwai L44643 da L44649, su biyun zobe ɗaya suke shiga, L44610, kuma a ido kamar tagwaye suke. Amma ramin na farkon inci ɗaya ne, na biyun ya fi shi da kusan milimita ɗaya da rabi. Wannan ɗan bambancin ya isa ya sa taya ta riƙa rawa a kan aksul, wato sandar ƙarfen da ake zura hob a jikinta. Ka wanke tsohon da kananzir, ka karanta lambarsa, boris biyu ne a kowane hob, na ciki da na waje, don sau da yawa ba girmansu ɗaya ba, kuma ka tafi da su kasuwa a leda har da oyil sil ɗin. In akwai sil mai leɓe biyu, shi za ka ɗauka.

Maganar jak kuwa, kada ka yarda da shi shi kaɗai. Ni na taɓa ɗora shi a kan bulo, bulon ya farfashe tirela ta dira ƙasa, hannuna bai daɗe da barin wurin ba. Ka sa katako mai kauri a ƙarƙashin firam, ka tokare ɗayar tayar gaba da baya.

Sai zoben ƙarfen nan da yake zaune daram a cikin hob, wanda boris yake gudu a kansa. Fitar da shi akwai ɗan aiki, don haka na bar tsohon na sa sabon boris a kai. Ko wata uku bai yi ba ya fara kuka. Zoben da ya riga ya yi ɗigo-ɗigon tsatsa zai cinye sabon boris komai kyansa, tare ake canja su. Ta bayansa ake buga tsohon da ƙarfe mai tsini da guduma, nan kaɗan can kaɗan, har ya fito. Sabon kuma ka ɗora tsohon zoben a kansa ka riƙa bugawa a hankali, za ka ji ƙarar ta canja in ya zauna. In ka ga zoben yana juyawa a cikin hob, ko wurin zamansa ya ci, kada ka wahalar da kanka, sayi hob sabo gaba ɗaya. Ka kuma shafa bakin aksul da yatsa: in ya yi shuɗi saboda zafi, ko sil ya yi masa rami, sabon sil ba zai tare ruwa ba.

Giris ba shafawa ake yi a bayan boris ba. Ka zuba dunƙule a tafin hannu, ka riƙa danna faffaɗan bakin boris a kai kana jujjuya shi, har giris ya ɓullo ta ɗaya gefen tsakanin ƙwayoyin. Ka nemi wanda aka yi domin ruwa, kuma kada ka gauraya iri biyu, don wasu in sun haɗu narkewa suke yi su tsiyaye. Sil ɗin kuma leɓensa ciki yake kallo, wajen giris.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne na notin da yake riƙe hob a bakin aksul. A tunanina ƙarfin ɗauri shi ne tsaro, sai na sa sifana na taka da ƙafa. Kafin in bar gari hob ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Irin wannan boris yana son ɗan sarari kaɗan, wanda bai kai kaurin takarda ba. Yadda ake yi: kana juya hob da hannu ɗaya kana ɗaure noti da sifana har komai ya zauna, sai ka sassauta shi gaba ɗaya ba tare da hob ya motsa ba, ka sake ɗaurewa da yatsu kawai. In tsagar notin ba ta zo daidai da ramin aksul ba, baya za ka dawo da shi kaɗan, ba gaba ba. Sannan ka zura sabon fin mai ƙafa biyu ka lanƙwasa. Na sha ganin ana sa ƙusa ko waya a wurin, alhali wannan ɗan fin ɗin shi ne yake hana notin kwancewa taya ta fice, kuma ba shi da tsada.

Bayan ka mayar da murfi da taya, ka juya ta ka saurara, ka kama sama da ƙasa ka girgiza. Motsi kaɗan da ƙyar kake ji ba laifi, amma in tana ƙwanƙwasa sai ka sake buɗewa. Ranar tafiya ta farko ka tsaya bayan 'yan kilomitoci ka ɗora tafin hannu a kan hob biyun. Ɗumi daidai ne. In ɗaya ya fi ɗan'uwansa zafi sosai, akwai magana a ciki, kada ka ce sai ka isa.

Yanzu duk shekara kafin damina ta kankama nakan buɗe tayoyin biyu in duba launin giris, kuma akwai hob guda da na haɗa da boris da sil, na cika shi da giris na naɗe a leda, yana ƙarƙashin kujerar mota tare da sifana da fin huɗu.