Ranar Sallah a gidan kaka

Yau a Maraɗi wata uwa ta tambayi 'yarta 'yar shekara 4 da Faransanci me suka yi a gidan kaka da babbar Sallah. Yarinyar ta yi shiru. Uwar ta koma Hausa: "Wa ya ɗaure ragon? Me Kaka ta ba ki?" Sai labari ya ɓarke, har da lallen da ya goge.

Abu ya fi saurin faɗo wa mutum a harshen da aka yi shi. Masu bincike biyu, Marian da Neisser, sun nuna haka a 2000 kan manya masu jin Rashanci da Ingilishi. Kuma tambayar da uwar ta yi da Hausa ta zo da guntun bayani mai tuna wa yarinyar abin da ya faru. Maimaita tambaya ɗaya, ko gyara wa yaro kalma yana tsakiyar magana, kan rufe masa baki. Ashe yarinyar nan ba ta manta komai ba.