Tattaki a Sekigahara, inda barori suka yanke hukuncin yaƙi

Daga Nagoya na hau jirgin ƙasa zuwa Ogaki, na sauya wani, kafin in gyara zama sai ga Sekigahara. Ɗan gari ne mai gonakin shinkafa tsakanin duwatsu, a lardin Gifu na ƙasar Japan. Nan aka gwabza ranar 21 ga Oktoba, 1600, tsakanin rundunar Gabas ta Tokugawa Ieyasu da ta Yamma wadda Ishida Mitsunari ya haɗa, kuma a yini guda aka gama, Ieyasu ya yi nasara. Manyan kowa ya san su. Ni barorinsu na je bi, samurai, wato mayaƙan da ke ci a hannunsu.

Duk mai niyyar zuwa ya fara sanin lissafin koku, in ba haka ba tutoci kawai zai gani a bakin gona. Ma'aunin shinkafa ne, kusan lita 180, abin da ake ƙiyasin zai ci da mutum shekara guda. A wancan zamani da shi ake auna ƙasar kowane daimyo, wato basarake mai riƙe da yanki, da shi ake sallamar bara. Ya tuna min barantaka ta masarautunmu, inda ubangida ke ba da doki da riga, bara kuma ya ba da wuyansa ranar fita.

Na fara da tudun Sasao, sansanin Mitsunari. A gindinsa an sake kafa shingen itace inda Shima Sakon ya tsaya. Ana ba da labarin cewa Mitsunari rabin abin da yake samu ya yanka wa Sakon don ya shigo hidimarsa. Ranar yaƙi Sakon ya biya: shi ya tare gaba har 'yan bindigar Kuroda Nagamasa na rundunar Gabas suka harbe shi.

Inda na fi daɗewa shi ne kabarin Otani Yoshitsugu, can cikin kurmi, sai an bi siririyar hanya. Otani ciwo ya ci jikinsa, a kan makara ake ɗauke da shi yana ba da umarni. Ya gaya wa Mitsunari ƙarara cewa ba za su yi nasara ba, amma ya bi shi saboda abota. Da abin ya ɓaci ya kashe kansa, ya bar wa baransa Yuasa Gosuke wasiyyar ya ɓoye kan, kada abokan gaba su ga fuskarsa. Labarin da aka gada ya ce wani mayaƙin gidan Todo na rundunar Gabas ya riski Gosuke yana binnewa, sai Gosuke ya ce ya ɗauki nasa kan, ya rufa asirin wurin. Mutumin ya cika alkawari har a gaban Ieyasu. Yau dutsen kabarin Gosuke na nan kusa da na maigidansa, kuma na tarar da sabbin furanni a wurin.

Daga nan na haura dutsen Matsuo. Hawan na sa gumi, kuma babu shago a hanya, sai da guzurina na ruwa da dabino. Amma kada kowa ya tsallake shi, domin daga ƙololuwa filin gaba ɗaya na shimfiɗe kamar a tafin hannu. Nan Kobayakawa Hideaki ya zauna da dubban mayaƙa, sunansa na cikin rundunar Yamma, alhali ya riga ya yi magana da Ieyasu a ɓoye. Da ya sauko, kan Otani ya faɗa. Sai da na tsaya a wurin na fahimci cewa wanda ke riƙe da wannan dutse ba ya bukatar jarumta, haƙuri kawai zai yi ya ga inda rinjaye ya karkata.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne makomar shugabanni huɗu da suka bi sahun Kobayakawa suka juya. Wakisaka Yasuharu ya riga ya aika saƙo tun kafin yaƙi, sai aka bar masa ƙasarsa. Ogawa Suketada da Akaza Naoyasu, da suka juya a tsakiyar fage, aka ƙwace tasu, Kutsuki Mototsuna kuma aka rage masa. Wato ko cin amana ma, a wurin Ieyasu, sai wanda aka yi cinikinsa tun da wuri. Shi ya sa yanzu in na ji ana zuzuta biyayyar samurai, nakan tambaya a wace shekara, kuma nawa ne koku ɗin.

Gidan tarihin yaƙin da aka buɗe a 2020 yana kusa da tasha, na bar shi ƙarshe, kuma haka ya fi, domin taswirorin sun fi shiga kai bayan ƙafa ta taka wuraren. An kashe Mitsunari a Kyoto makonni kaɗan bayan yaƙin. Kobayakawa ya samu ƙasar Okayama lada, ya mutu a 1602 ba magaji, ƙasar ta koma hannun Tokugawa.