Ledar fiya wata guda ɗaya

Jiya na mayar da makullin akwatin kyamara, na karɓi ragowar haƙƙina, don haka yau bakina a buɗe yake. Shekara biyu da rabi ina mataimakin mai ɗaukar hoto a kamfanin. Wanda ya san mu ya san aikin da ya raba mu, wato dokumentarin zanen mutanen da a jikin duwatsu.

Da Birnin Kudu muka fara, Dutsen Mesa da Dutsen Habude, kuma can komai ya tafi lafiya lau. Ni da na tashi ban san saniya ba sai mai tozo, na tsaya ina kallon shanu a jikin dutse, ga ƙaho zaƙo-zaƙo, bayansu sumul babu tozo. Mai ɗaukar sautinmu kuwa duwatsun nan masu ƙara kamar ƙararrawa ne suka ɗauke masa hankali, waɗanda Bernard Fagg, Baturen Ingila masanin kayan tarihi, ya rubuta labarinsu a shekarun 1950. Har magariba yana ƙwanƙwasa su.

A mako na uku abin ya faru, a wani ƙaramin kogo nesa da can. Ba zan faɗi sunan wurin ba, mutanen ƙauyen sun sha isasshen surutu. Shanu uku ne da jan launi, sun koɗe har sai ka kanne ido kafin ka raba su da dutsen. Rana ta take, batir ya kusa ƙarewa, kyamara ba ta ganin komai sai toka-toka. Darakta ya leƙa allon, ya yi tsaki, ya ce da ni, "Kai, ɗan watsa masa ruwa mana launin ya fito." Dattijon da mai gari ya haɗa mu da shi yana tsugune a bakin kogon, ya ce, "Ɗana, ba a taɓa shi." Na dubi dattijo, na dubi Oga. Sai na ciji kusurwar ledar fiya wata, na matsa.

Wallahi abin ya yi kyau. Jan nan ya taso kamar yanzu aka shafa shi, ƙaho ya fito, ƙafafu suka fito, kowa na faɗin Masha Allah. Bai kai minti ɗaya ba ya bushe. Ba zan ɓoye ba, a lokacin daɗi na ji, har da ɗan kumbura kai da Oga ya dafa kafaɗata.

Bayan kwana goma muka koma ɗaukar hoton sama. Wani farin ɓawo ya rufe wurin da na jiƙa, kamar kanwa, ƙafar saniyar tsakiya kuma ta ɓamɓare kamar faso. Ruwa yana shiga ƙofofin dutse ya narkar da gishirin da ke ciki, in ya zo bushewa ya jawo shi waje, gishirin ya daskare a ƙarƙashin launin ya ture shi. Ba a gyara wannan. Jami'in kula da kayan tarihi da ya rako mu ranar ya tambayi wanda ya aikata. Oga ya ce, "Yallabai, yara ne, ba su san darajar abin ba. Ni ina waya lokacin." Mutum biyar suka ji umarnin da kunnensu, babu wanda ya yi tari. Ni ma ban ce uffan ba. Aka ba ni takardar gargaɗi, aka yanke rabin albashina, ni kaɗai na durƙusa gaban mai gari ina ba da haƙuri. Oga yana cikin mota da gilashi a rufe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba jahilci ba ne. Ni na haɗa takardun binciken shirin. Ni na rubuta labarin Henri Lhote, Bafaranshen da ya shiga Tassili a kudancin Aljeriya a 1956, yadda mutanensa suka riƙa goge zanen da jiƙaƙƙen soso don su kwafe shi, har yau masana suna kuka da ɓarnar. Ni na rubuta cewa kogon Lascaux mai zanen mutanen da a Faransa, da wasu samari huɗu suka gano a 1940, an rufe shi a 1963, ba don wani ya taɓa ba, numfashi da zafin jikin baƙi kawai suka tsiro da gansakuka a bango. Na rubuta yadda aka bar Werner Herzog, Bajamushe mai shirya fim, ya shiga kogon Chauvet na Faransa da mutane ƙalilan, sa'o'i kaɗan a rana, a kan siririyar hanyar ƙarfe da ba a sauka daga kanta, da fitilun batir marasa zafi. Wannan shafin Oga ya karanta wa masu ɗaukar nauyi da murya mai ban tausayi. Duk yana cikin kaina lokacin da na ciji ledar.

Daga baya editanmu ya sa hotunan da na ɗauka da safiyar ranar, tun dutsen yana bushe, a cikin DStretch, manhajar da masu binciken zanen dutse ke amfani da ita wajen fito da launin da ya koɗe. Shanu ukun suka fito tsaf. Har da ɗan maraƙi a gefe, wanda ruwan ma bai nuna mana ba. Aikin minti biyar a kwamfuta.

Ga mai shigowa sana'ar, shawarwarina ba su da yawa. Ka je da asuba ko da la'asar sakaliya, hasken da ke zuwa ta gefe ya fi kowace fitila. Kada ka jingina da bango, jakarka ma kada ta goga. Batir uku, ba biyu ba. Ka gaida mai gari kafin ka sauke kaya. In babba ya ba ka umarnin da zuciyarka ta ƙi, ka ce ya maimaita kyamara tana ɗauka. Ba rashin kunya ba ne, wasu manyan suna da saurin mantuwa.

Shirin ya fita a watan jiya. Hoton jiƙaƙƙun shanun nan shi ne na farko da ake gani, da sarewa a ƙarƙashinsa, kuma a wajen nunin farko an tafa masa. Na zauna har ƙarshen sunaye. Akwai direba, akwai mai dafa abinci, nawa babu. Na ce to, madalla, dama ba na so.

Kafin in ajiye aikin na koma ƙauyen da kuɗin motata, na kai wa dattijon goro. Muka hau tare. Ya daɗe yana kallon farin tabon, sannan ya tambaye ni ko in damina ta wuce ƙafar za ta dawo. Na ce, "A'a, Baba."