Abin da majigi ya koya min a ajin tarihi

A shekarata ta biyu da fara koyar da tarihi a sakandare na soma kawo fim aji, don gaskiya da ka ce "a shekarar 1939" sai ka ga rabin aji sun fara gyangyaɗi. Sai na aro majigi, muka harhaɗa kuɗin man janareta, na sa musu fim ɗin Umar Mukhtar, jagoran ƴan Libiya da suka yaƙi mulkin mallakar Italiya. Ajin nan ya yi tsit, da aka zo wajen rataye shi har wata yarinya ta fashe da kuka. A jarrabawa kuwa babu wanda ya manta 1931, shekarar da aka rataye shi, ko Libiya, ko sunan Graziani, janar ɗin Italiya da ya yaƙe shi, abin da na yi sati biyu ina fama da shi a allo bai zauna ba.

Matsalar ni ce a lokacin, duk bayan minti biyar sai na tsayar da fim ina cewa ba haka aka yi ba, wannan maganar babu wanda ya ji ya faɗe ta, mai wasan ma Anthony Quinn ne haifaffen Meziko ba Balarabe ba ne, har wani yaro ya gaji ya ce "Malam don Allah ka bari mu gani, ka yi gyaran daga baya." Na ji haushi amma da gaskiyarsa. Yaƙin da aka kai shekara 20 ana yi, tun daga 1911, ai dole a matse shi kafin ya shiga cikin awa uku. Irin wannan yanzu ba ta dame ni ba. Abin da nake faɗa musu kawai shi ne gwamnatin Gaddafi ce ta biya kuɗin fim ɗin, ita kuma Italiya ta hana nuna shi, sai 2009 aka sa shi a talabijin ɗinsu. Kowa dai ya san ba wasa ba ne.

Wadda ta fi ci min rai daban ce. Akwai fim ɗin U-571 na shekarar 2000, inda sojan ruwan Amurka suka ƙwato na'urar saƙon sirri ta Jamus, Enigma, daga jirgin ƙarƙashin teku. Fim mai daɗi wallahi, ba ka ko son tashi fitsari. Amma ƴan Ingila ne suka yi aikin a watan Mayu 1941, daga jirgin U-110, alhali Amurka ba ta shiga yaƙin ba sai Disamba. Har Tony Blair, firaministan Birtaniya na lokacin fim ɗin, sai da ya yi ƙorafi a majalisa. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi kenan.

To wannan ne ya sa wata rana na tambaye su, su wa suka yi Yaƙin Duniya na Biyu? Duk suka ce Turawa, wani ya ƙara da Japan, don abin da suka gani a fim kenan. Na ba su labarin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda aka kwasa aka kai ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, suka gwabza da Japan a dazuzzukan Arakan, da yawansu daga arewa, Hausa ce ma yaren bariki. Suka zuba min ido kamar tatsuniya nake yi.

Ran Litinin sai ga wani yaro da lambar yabo duk ta yi tsatsa, ya ce ta baban kakarsa ce, a cikin tsohuwar kwalla take ajiye. Na ce ya ari wayar babansa ya je ya ɗauko muryar tsohuwar. Minti 11 ya kawo, yawanci ma ba zancen harbi ba ne, zancen ruwan sama ne da ba ya ɗaukewa da matsattsaku da ke shiga takalmi. Shi nake fara sa musu yanzu kafin in kunna majigi.