Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Hular da Aka Fizge

A makon jiya na tsaya ne a kan komawata Kantin Kwari bayan rasuwar Baffa, amma yau ba daga nan zan ɗora ba, domin maganar dashen gashin da na je na yi a Istanbul ta hana ni sakat, kuma gara in faɗe ta da bakina tun da wasu a dangi sun riga sun faɗe ta yadda suka ga dama.

Baffa, Allah Ya jiƙansa, yakan ce sanƙo gadon gidanmu ne, wanda ya ƙi shi ya ƙi kakansa. Shi da nasa ya zo masa bayan ya yi jikoki yana iya faɗin haka. Ni kuwa ina ɗan shekara 26 gashin gaban goshina ya fara ja da baya. Ranar walimar auren ƙanwarmu taubashina ya fizge mini hula a gaban surukai, aka yi ta dariya, ni ma na yi. Daga ranar ko a ɗaki ba na zama babu hula, kuma idan za a ɗauki hoto sai in nemi layin baya.

Kafin in tafi sai da na tambayi malaminmu ko wannan canza halitta ne. Ya ce gyaran abin da ya lalace ne, ya kawo mini hadisin mutum ukun nan na Bani Isra'ila, kuturu da makaho da mai sanƙo, wanda aka mayar masa da gashinsa. Aikin dashen yini guda ya ɗauka: likitoci suka kashe zafin fatar kai da allura, suka ciro saiwar gashi ɗaya bayan ɗaya daga ƙeyata, inda sanƙon gado ba ya cika kamawa, suka dasa a gaba. Kwanakin farko a jingine na riƙa barci, goshi a kumbure, an hana ni sanya hula, ni da ban taɓa fita babu ita ba.

Abin da ya fi gigita ni ya zo ne bayan mako uku da dawowata Kano, lokacin da gashin da aka dasa ya fara zubewa a kan matashi. Likitan ya riga ya gaya mini cewa haka ake yi, saiwar tana nan, sabon gashi zai fito a wata na uku ko na huɗu, kuma sai an shekara ake ganin cikarsa. Duk da haka sai da na daina cin abinci sosai, ina tashi cikin dare in haska madubi da fitilar waya, ina jin muryar Baffa yana cewa na ƙi kakana. Maman yara ce kawai ta san halin da na shiga, ita ce ma ta ɓoye madubin.

Gashi ya fito, wanzamina ya yaba, na kuma koma shiga mutane da sakin jiki. Sai dai har yau, idan wani ya ɗaga hannu kusa da kaina, nawa hannun ne ke riga shi kai wa hular. Taubashin nan kuwa, wanda bai taɓa neman afuwa ba, da Sallar bara ya ja ni gefe a zauren Inna, ya ɗan ɗaga tasa hular ya nuna mini tsakar kansa, ya ce, "Yaya, nawa suka karɓa a wurinka?" Na ce masa ya tuna abin da Baffa yake cewa.