Tsohuwar kwamfutar Baba ta kusa sa ni kuka

Jiya na ce bari in yi wa Baba gwaninta. Kwamfutarsa ta tebur, Pentium 4 mai Windows XP, ta fi shekara ashirin a ɗakinsa a Yelwa, tana tafiya kamar hawainiya. Na samo RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) mai 512MB da ƙarin faifan ajiya a wajen wani mai gyara kusa da kasuwar Wunti, na buɗe ta, na hure ƙurar hunturu, na saka.

Na danna makunni. Allo baƙi ƙirin, sai ƙara ɗit, ɗit, ɗit.

Baba na zaune kan buzu da carbi, ya ce, "Kai, lafiya lau fa na ba ka ita." Gumi ya keto min. Na zare RAM ɗin, na goge haƙoransa da abin goge fensir, na mayar har ya ce ƙas. Ƙarar ta tsaya, amma kwamfutar ta ce ba ta ga faifan da za ta tashi da shi ba.

Har bayan la'asar ina ta laluben BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi. Ashe faifan biyu, tsohon da sabon, na kan igiyar IDE ɗaya, wato wayar da ke haɗa su da kwamfutar, kowanne an saita shi a matsayin Master, sarki biyu a gari ɗaya. Wani ɗan roba da bai kai ƙwayar wake ba, shi ne jamfa, na matsar da shi da tsinken sakace na mai da sabon Slave, wato mabiyi.

Da tambarin XP ya fito, Baba bai ko kalle ni ba. Ya ce in duba masa hotunan aikin hajjinsa.