Talata cikin hazo a Kano: Kabuga zuwa Kwari a kan keke

Hazo ya sauko tun daren jiya. Da aka fito sallar asuba, da ƙyar ake hango fitilar da ke ƙarshen layi, sirdin keken da ya kwana a tsakar gida kuwa ya yi fari fat, har ana iya rubutu da yatsa a kansa. A irin wannan rana ba a ɗare keke haka kawai a kama hanya, sai an duba shi tukuna.

Da taya na fara. Latsawa da babban yatsa ba awo ba ne, domin tayar da iskarta ta ragu sosai ma tana iya yi wa yatsa tauri. Gara mutum ya hau ya zauna sosai, ya leƙa tayar baya: idan ta baje a ƙasa kamar ƙosai, tana son famfo. A gefen kowace taya an rubuta girmanta da iskar da take ɗauka. Tawa 26 x 1.95 ce, an rubuta 40 zuwa 65 PSI, wato ma'aunin ƙarfin iskar da ke cikin taya. Ina sa 45 a gaba, 55 a baya, saboda nauyin mutum da na kayan kariya duk a baya suke. Tub yana rage iska a hankali ko da babu huji, don haka famfo sau ɗaya a mako wajibi ne.

Sai birki. Ƙurar hunturu idan ta zauna a jikin rim, wato ƙarfen wilin da taya ke zaune a kai, samfefa take zama, ta riƙa cin robar birki kullum. Na goge rim ɗin gaba da na baya da tsumma mai ɗan danshi, na duba robobin, na sa allura na cire wani ɗan tsakuwa da ya nutse cikin ta hagu. Shi ne yake ta ƙara jiya yana zana rim. Hannun birki ya kamata ya kama tun yana rabin hanya, a bar tazarar yatsa biyu tsakaninsa da mariƙi. Idan sai ya taɓa mariƙin yake kamawa, a warware ɗan notin da ke bakin wayar zagaye biyu ko uku. In bai isa ba, a sassauta notin da ya riƙe wayar a ƙasa, a ja ta kaɗan, a ɗaure.

Sarƙa ce aka fi zalunta a garin nan. Mutane sun saba zuwa wajen bakanike su roƙi baƙin mai su kwarara mata, wai ta yi santsi. Kwana biyu a cikin hazo, man nan ya haɗu da ƙura ya zama kwaɓi, kwaɓin kuma ya shiga tsakanin gaɓoɓi yana niƙa ƙarfe. Abin da ya dace shi ne a riƙe ta da busasshen tsumma a juya feda baya har baƙin ya ragu, a ɗiga mai ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya kamar sau ashirin, a dakata minti biyar, sannan a goge bayanta tas. A cikin gaɓa ake bukatar mai. Wanda ya rage a waje ƙura kawai yake kira. Man keken ɗinki yana yi, sai dai ba shi da kauri, don haka duk kwana uku ko huɗu a sake.

Na ɗaure ƙafar wando ta dama da roba, na naɗe gindin riga na zauna a kai, domin doguwar riga idan ta sauka birkin baya ko wili ne zai kama ta. Takunkumi a hanci, farin tabarau a ido, hular kwano a ka, jar fitila mai ƙyaftawa a baya duk da gari ya waye. Bakwai saura kwata na fita.

Titin BUK, wato na Jami'ar Bayero, da safe yana da daɗin tafiya, ganuwa na hagunka, hanya shimfiɗe ba hawa ba gangara sosai. Matsalarsa yashi. Iska da tayoyin motoci suna tara shi a gefen kwalta, wani wuri faɗinsa ya kai kamu biyu, kuma a cikinsa ne ƙusa da fasasshiyar kwalba da guntun waya suke kwanciya. Sabon mahayi saboda tsoron mota sai ya maƙale a can gefe, ya shiga cikin yashin, alhali nan ne ya fi haɗari. Na fi son in bar kamar mita ɗaya tsakanina da bakin titi, inda kwalta take a share. Direban da ke bayanka zai gan ka da wuri ya kauce maka, kai ma kana da wurin da za ka goce idan rami ya ɓullo. Idan kuwa dole ta sa ka faɗa yashi, kada ka taɓa birkin gaba, kada ka juya kan keke, ka sassauta riƙo, ka ci gaba da taka feda a hankali har ka fita. Birkin gaba shi ne mai ƙarfin tsayar da keke a kan kwalta mai tsabta, amma a kan yashi shi ke kayar da mutum nan take.

A Gadon Ƙaya ban shiga gadar ƙasa ba, ta sama na bi. Motoci da gudu suke gangarawa, ido bai gama sabawa da duhun ciki ba, yashi yana taruwa a gindinta, ga shi wajen fitowa hawa ne da zai rage wa mai keke gudu daidai lokacin da na baya ke ƙara wuta.

Tun da aka hana acaɓa a watan Janairun 2013, adaidaita sahu ce ta mamaye titunan Kano, kuma duk mai hawa keke dole ya koyi karanta ta. Ɗan sahu fasinja yake nema, idonsa yana bakin hanya, kuma da yawa fitilar birkinsu ba ta kawowa. Saboda haka ba shi nake kallo ba, mutanen da ke tsaye a gaba nake kallo. Da na ga wata ta ɗaga hannu, na san zai yanko dama ya tsaya, sai in fara rage gudu tun kafin ya taka birki. Ina barin tsawon keke biyu tsakanina da shi. In zan wuce, in waiga, in miƙa hannu, in bi ta hagunsa. Tsakaninsa da bakin titi ba wurin bi ba ne ko kaɗan, ta nan fasinja ke zuro ƙafa ba tare da ya duba ba. Yau tsakanin Ƙofar Na'isa da Ɗan Agundi sau huɗu aka tsaya min a gaba, ba wanda ya zo min ba zato.

Tifa da tirela kuwa babu wata dabara sai nisa. Kada ka tsaya a damarsu a mahaɗa. Idan babbar mota za ta sha kwana, tayoyin bayanta suna yanko ciki fiye da na gaba, su rufe gurbin da kake tsaye. In ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganin ka. Ka tsaya a bayansa ka sha hayaƙin, ya fi.

Na wuce Gidan Murtala, na bi ƙarƙashin gadar Ƙofar Nasarawa, na miƙe ta Ƙofar Mata. Daga nan cunkoso ya fara, kuma a nan ne keke ke nuna amfaninsa: motocin da suka wuce ni tun Kabuga na zo na same su a tsaye. Bakin Kantin Kwari na sauka na tura, domin tsakanin masu baro da 'yan dako ɗauke da diloli a ka, hawa rashin ta-ido ne. Wajen kilomita 9, minti 38. Na zura sarƙar kulle ta cikin firam da wilin baya na haɗa da ƙarfen rumfa, na cire fitila na sa a aljihu. Wanda ya kulle wilin gaba kaɗai, wilin zai dawo ya tarar. Inuwa kuma nake nema masa ko da hunturu ne, saboda rana tana busar da roba, da bazara har tsohon faci takan ɗaga.

Kekunan da ke jingine a wurin sun fi na shekarun baya yawa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, mutane suka shiga ɗaki suka zaro tsofaffin Raleigh da Phoenix, wasu suka sayi na gwanjo masu giya. Da rana wani maƙwabcin rumfa ya ce in duba masa wanda ake yi masa talla. Wurin walda na fara dubawa, musamman ƙasan wuya da gindin feda, ko akwai tsaga ko fenti ya tattare, alamar an taɓa yin karo da shi. Na ɗaga shi na juya wili ina kallon tazararsa da robar birki, yana ɗan rawa amma gyaran sifok zai daidaita shi. Na kama feda na girgiza gefe da gefe, ya yi ƙwas-ƙwas, boris ɗin tsakiya ya ci. Babban abin da ya sa na ce ya dakata shi ne girman tayar, 700 ce siririya. Taya 26 da 28 kusan kowane mai gyara yana da tub ɗinsu, wannan kuwa sai an sha yawo, kuma siririyar taya ba ta jure ramukanmu.

A hanyar dawowa, bayan la'asar, daf da Hauren Shanu na ji baya yana lilo. Taya ta sauka. Ba a ci gaba da hawa a haka ko na taku goma, rim zai tauna tub ya lotsa kansa. Na tura zuwa wajen wani dattijo mai faci a gindin darbejiya.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, sannu Malam. Kifa shi mu gani."

Bai cire wilin ba. Ya sa ƙarfe biyu masu lanƙwasa ya ɓalle gefe ɗaya na tayar, ya zaro tub ya bar bawul a wurinsa, ya ɗan ba shi iska, ya riƙa tsoma shi cikin kwanon ruwa kashi-kashi har ƙananan kumfa suka fara tasowa a jere. Ya soka tsinken ashana a hujin don kada ya ɓace masa. Sannan ya yi abin da yaran masu faci da yawa ke tsallakewa: ya daidaita tub ɗin da tayar daga bawul, ya gano daidai wurin, ya shafa cikin tayar da yatsa a hankali. Ga ta nan, 'yar siririyar waya kamar gashi, irin wadda ke fita daga tsohuwar tayar babbar mota. Da filaya ya zare ta. Da an bar ta, kafin Kabuga ta sake huda wani wurin.

Ya busar da tub, ya kankare kewayen hujin da samfefa fiye da faɗin facin, ya shafa sholisho siriri da yatsa, ya ajiye. Wani matashi da ke jira ya ce, "Baba, a manna mana, sauri nake." Ya ce, "Yaro, ɗanyen sholisho ba ya riƙe faci. Sai ya daina sheƙi." Minti biyar muka jira. Ya ɗora facin ya danna daga tsakiya zuwa gefe da gindin sukudireba, ya ɗan hura tub ya yi siffa kafin ya mayar, ya tura tayar da tafin hannu kawai. Ƙarfe wajen mayarwa shi ke cizon tub a koma gidan jiya. Da zai ba da iska da injin, sau uku ya ɗan taɓa yana latsawa, domin injin da aka yi don tayar mota cikin daƙiƙa kaɗan yake fasa ta keke.

Tub ɗin matashin nan da aka fito da shi huji biyu ne a jere kamar saran maciji. Wannan ba ƙusa ba ce. Iska ce ta yi ƙaranci, ya ɗauko buhu a kariya, ya daki bakin rami, rim ya matse tub ɗin a kan kwalta ta gefe biyu. Phoenix ne mai tsohon bawul, wanda ake sa wa 'yar siririyar roba a ciki, robar ta tsufa ta tsage, iska tana zurarewa kullum ba ya lura. Baba ya yanko sabuwa ya zura masa, ya tofa yawu a bakin bawul ɗin, bai yi kumfa ba. Na ji daɗi da ya nuna masa dalilin, bai tsaya ga karɓar kuɗin faci kawai ba, don da yaron zai riƙa dawowa duk mako yana zargin hanya.

Na tsaya na yi magariba a hanya, na ƙarasa cikin duhu da fitila gaba da baya. Hasken motoci a cikin hazo yana bajewa ya kashe ido, don haka na rage gudu sosai, na riƙa kallon bakin kwalta ta dama maimakon fitilun da ke tahowa.

Bayan isha'i na ɗauko tef na auna sarƙa, tunda giya ta tsallake min sau biyu a hawan Kabuga. Gaɓa 12 cikakku na sabuwar sarƙa, ana ƙirga ta ciki da ta waje a matsayin ɗaya, inci 12 ne cif. Idan ta zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, lokacin canji ya yi. Idan ta kai kashi ɗaya cikin 8, ta riga ta cinye haƙoran baya, sai an canza su tare. Tawa tana kan na farkon, gobe in Allah ya kai mu zan biya Sabon Gari in sayo mai giya 7. Na shigar da keken zaure na rufe shi da buhu, da asuba zan hau in ga ko facin ya riƙe.